Babur Mai Sirdi Ƙasa-ƙasa: Me Ya Sa Yake Dukan Baya, Kuma Yaya Za A Gyara Shi?

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu da dama babur ɗaya ne yake yin aikin mota. Shi ne yake kai mai bishara ƙauyen da ke ƙetaren rafi, shi ne yake ɗauko ma'aikaciyar lafiya, shi ne kuma ake tayarwa da tsakar dare idan naƙuda ta yi tsanani. A cikin baburan nan akwai wani iri da mutane suke sha'awa ƙwarai saboda kyansa. Sirdinsa yana ƙasa-ƙasa, kansa yana da faɗi ya lanƙwaso baya, tankinsa kamar ɗigon ruwa, ga ƙarfe mai ƙyalli ko'ina. Turawa suna kiransa kuruza. Masu shi sukan kawo kuka iri biyu. Na farko, idan ya faɗa rami sai ka ji dukan har ƙashin baya. Na biyu, kansa yakan yi rawa ko ya ƙi bin kwana yadda ake so. Kukan nan biyu suna da dalili, kuma yawancin dalilan ana iya magance su ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba.

Inda aka ƙera shi da hanyar da aka ƙera shi dominta

Asalin wannan fasali ƙasar Amurka ne. Kamfanin Harley-Davidson, wanda aka kafa a birnin Milwoki a 1903, shi ne ya fi shahara da shi. Manyan baburansa na dā ba su da shokazoba a baya sam. Tayar baya a manne take da jikin babur, sai dai sifirin da aka sa a ƙarƙashin sirdi. A 1949 suka sa wa gaba fok mai aiki da mai, sai a 1958 ne manyan baburan suka sami shokazoba a baya. Amma mutane sun riga sun saba da ganin babur dogo mai zama a ƙasa, har ya zama abin ado. Da kamfanonin Japan suka ga kasuwa, sai su ma suka shiga. Yamaha ta fito da Virago a 1981, Suzuki ta fito da ƙaramin GN125 a 1982, Honda kuma ta fito da Shadow a 1983. Daga baya masana'antun ƙasar Sin suka yi ta ƙera masu kama da GN125, kuma su ne aka fi gani a kasuwanninmu. Manyan kuwa sukan shigo ne a matsayin na hannu.

Abin lura shi ne, an tsara babur ɗin ne domin doguwar kwalta miƙaƙƙiya. Don sirdi ya sauka ƙasa, dole aka gajarta shokazobar baya. A wasu ƙananan baburan Harley tayar baya ba ta iya motsawa sama da ƙasa ko da inci 2, alhali babur ɗin da aka yi domin daji yakan sami inci 8 ko fiye. Ramin da ya fi tafiyar shokazoba zurfi, ragowar dukan jikin mahayi ne zai shanye. Haka kuma an kwantar da fok ɗin gaba sosai, yakan kai digiri 30 ko fiye, yayin da na baburan tsere yake kusan digiri 24. Wannan kwanciya tana sa babur ya tafi sak a miƙaƙƙiyar hanya, amma tana sa kai ya yi nauyi a ƙaramin gudu, ya riƙa neman faɗawa gefe idan ana juyawa. Ga kuma matakan ƙafa da aka kai gaba a manyan. Wanda ƙafafunsa suke gaba ba zai iya ɗan miƙewa ba idan ya hango rami, don haka gwiwoyinsa ba sa taimakonsa.

Wannan shi ne halinsa na haihuwa, ba lalacewa ba ce. Amma a kan wannan hali ne lalacewa take hawa, sai abin ya taru ya yi yawa.

A fara da taya

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a auna iska. Da yawa daga cikin baburan da ake kai wa bakanike da sunan shokazoba ta mutu, iska ce ba daidai ba. Mai faci da ba shi da geji yakan buga taya da sifana ya saurari ƙara, ya ce ta yi. Kunne ba ya auna iska. Tayar da aka cika har ta kai 50 ko 60 takan zama kamar dutse, tana tsalle a kan gargada, ba ta kama ƙasa. Wadda kuma iska ta yi mata kaɗan takan sa kai ya yi nauyi, babur ya riƙa lilo a kwana, tib ya yi zafi ya fashe. A ƙananan babura na 125 ma'aunin yakan kasance wajen 25 a gaba, 28 zuwa 33 a baya gwargwadon kaya. Ainihin lambar tana cikin littafin babur, ko a wata takarda da aka manna kusa da sarƙa. A auna da safe kafin a hau, domin taya mai zafi tana nuna fiye da abin da ke cikinta. Ƙaramin geji na aljihu ba shi da tsada, kuma ya kamata ya zauna tare da makullin babur.

Sai a dubi tayar kanta. Ta baya da ta daɗe tana tafiya a miƙe takan cinye a tsakiya ta zama shimfiɗaɗɗiya, da kaifi a gefe biyu. Idan aka karkata za a shiga kwana, sai babur ya ƙi, can kuma ya faɗa farat ɗaya. Babu gyaran shokazoba da zai warkar da wannan, sai sabuwar taya. Akwai kuma shekaru. A jikin taya akwai lambobi huɗu da suke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Misali 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar ko shida robarta ta soma bushewa, ko da zanenta yana nan daram. Masu sayen taya ta hannu su lura da wannan.

Ana nan wajen taya, a ɗaga babur a kan jak na tsakiya, a kama taya sama da ƙasa a girgiza ta gefe da gefe. In ta yi ƙwas-ƙwas, boris ya tafi. In mai sifok ce, a bi su ɗaya-ɗaya da ƙaramin sifana ana ɗan bugawa. Mai ƙarfi yana ƙara tas, wanda ya saki yana ƙara duf. Sifok biyar ko shida da suka saki a jere sun isa su sa wili ya yi rawa.

Shokazobar baya

A nan ne yawancin wahalar take, don haka za mu ɗan daɗe.

Shokazoba abu biyu ne a haɗe. Akwai sifirin da ake gani a waje, wanda yake ɗaukar nauyi. Akwai kuma bututu a tsakiya mai ɗauke da mai, wanda aikinsa shi ne hana sifirin yin ta tsalle. Idan taya ta hau tudu, sifirin yakan matse, sa'an nan ya so ya koma da ƙarfi. Man da ke cikin bututu yana bi ta ƙananan ƙofofi a hankali, shi yake riƙe shi. In man ya zube, sifirin na nan da ƙarfinsa, amma babur zai riƙa lilo kamar kwale-kwale bayan kowane rami, tayar baya tana barin ƙasa tana dawowa. Tayar da ba ta kan ƙasa kuwa ba ta jin birki.

Gwajin yana da sauƙi. A tsayar da babur a kan tayoyinsa, a danna sirdi da ƙarfi, a saki. Ya kamata ya taso sau ɗaya ya tsaya. In ya yi sama da ƙasa sau biyu ko uku, man ya ƙare. A duba sandar da ke cikin sifirin. In tana da danshin mai da ƙura ta manne, ta fara yoyo. Irin waɗanda suke zuwa da ƙananan babura a rufe suke, ba a yi su don a buɗe a zuba mai ba. Canzawa ake yi, kuma biyu a tare. Sabuwa a dama da tsohuwa a hagu suna karkatar da babur a kowane rami.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su san yana jikin baburansu ba. A ƙasan sifirin akwai wani zobe mai matakai, yawanci biyar. Ana juya shi da wani sifana mai ƙugiya da yake zuwa cikin kayan aikin babur. Juya shi yana ƙara matse sifirin ko ya sassauta shi. Daga masana'anta yakan zo a mataki na ɗaya ko na biyu, wato an saita shi domin mutum ɗaya marar nauyi. Sai mu kuma mu ɗora mutum biyu da buhu a kai, ba mu taɓa zoben ba. Nauyin ya cinye kusan dukan tafiyar shokazoba tun babur yana tsaye. Ramin farko da aka shiga, ƙarfe ya daki ƙarfe. Mai babur sai ya ce shokazobarsa ta yi tauri, alhali laushi ne ya yi mata yawa.

Ga yadda ake saita shi. Ana bukatar mutum uku da ma'aunin tela. A ɗaga bayan babur har tayar ta bar ƙasa, a auna daga notin tsakiyar taya zuwa wani wuri a sama daidai da shi, a yi alama da alli. A sauke babur, mai tuƙi ya hau ya ɗora ƙafafunsa a kan matakai, mutum ɗaya yana riƙe da kai, ɗayan ya sake aunawa. Bambancin awon nan biyu ya kamata ya zama kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan tafiyar tayar. In tafiyar santimita 9 ce, babur ya zauna santimita 3, a bar 6 domin ramuka. In ya zauna fiye da haka, a ƙara mataki. Dole ɓangarorin biyu su zama a mataki ɗaya. Ranar da za a yi goyo ko a ɗauki kaya, a kai zoben mataki na huɗu ko na biyar, a ƙara wa tayar baya iska kaɗan. Aikin minti biyu ne. In za a ɗauki marar lafiya ko mace mai ciki, waɗannan minti biyun ba ɓata lokaci ba ne.

In an kai zobe mataki na ƙarshe babur yana nan yana zama ƙasa, sifirin ya gaji ko kuwa bai kai nauyin aikin ba. Sai a nemi shokazoba mai ƙarfi. A tafi kasuwa da tsohuwar a hannu, a auna tsawonta daga rami zuwa rami. Wadda ta fi ta da santimita 1 ko 2 takan taimaka, domin tana ɗaga babur daga ƙasa kaɗan, tana kuma sa kai ya yi sauƙin juyawa. Fiye da haka zai ja sarƙa, ya ɓata zaman babur. Bayan an sa, a sake saita sarƙar, a bar mata wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Sarƙar da aka ɗaure tamau tana hana shokazoba motsi, tana kuma cin boris ɗin giya.

Mun ga masu ɗaukar kaya suna ƙara shokazoba ta zama huɗu, wasu ma suna sa a yi musu waldar ƙarfe a madadinta. A ganinmu wannan dabara ce mai tsada daga baya. Dukan da shokazoba ta daina sha bai ɓace ba. Yana komawa kan sifok, da boris, da wurin da aka yi wa jikin babur walda, wata rana ya tsage a hanya.

Kada a manta da hannun da yake riƙe da tayar baya, wanda yake hawa da sauka. A wurin da ya haɗu da jikin babur akwai bushin. In an ɗaga babur aka tura tayar gefe aka ga hannun duka yana motsi, bushin ya cinye. Alamarsa a hanya ita ce ka ji kamar bayan babur yana bin tasa hanyar dabam. Kayan ba su da tsada. Haka kuma in bakanike ya ja sarƙa ta gefe ɗaya ya bar ɗayan, tayar baya za ta karkace. Akwai zane-zane a kowane gefe, a tabbata sun yi daidai.

Gaban babur

A cikin kowace ƙafa ta fok akwai sifirin da mai. Man nan yana tsufa kamar na inji, amma akwai baburan da tun da aka saye su ba a taɓa canza shi ba. Idan aka zubar da shi sai a ga ya zama baƙi, yana wari, wani lokaci ma da ruwa a ciki. Alamar ita ce gaba ya nutse sosai da an taɓa birki, ko a ji ƙara a rami. Ya kamata a canza shi kamar kowace shekara biyu. Akwai man da aka yi musamman domin fok, mai lamba 10 ko 15. Na 15 ya fi kauri, yana rage nutsewa, ya fi dacewa da mai ɗaukar nauyi. Abin da ba a so ko kaɗan shi ne baƙin man da aka zubar daga inji. A kuma auna da sirinji ko kwalba mai lamba, a zuba daidai wa daida a ƙafafun biyu bisa abin da littafi ya ce. Zubawa da ido tana sa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi.

Idan aka ga zoben mai a jikin sandar fok, robar da take tare man ta lalace. Ƙurar hunturu da tsatsa su ne suke cin ta. Haɗarin ya wuce na girgiza, domin man yana gangarowa ya shiga birkin gaba. In an canza robar, a shafa sandar da yatsa. In akwai ƙurajen tsatsa, a goge su da takardar yashi mai laushi sosai, in ba haka ba sabuwar robar ba za ta yi wata ɗaya ba. Rigar roba mai ninki da ake sa wa fok tana kare shi ƙwarai a hanyar burji, ko da yake wasu sukan cire ta wai tana rage wa babur kyau. Babur ɗin da ya taɓa karo kuwa, a cire sandunan a mirgina su a kan gilashi. Lanƙwasasshiya za ta nuna kanta.

Sai wuyan babur, inda kai yake juyawa a kan boris. A ɗaga tayar gaba daga ƙasa, a juya kai a hankali daga hagu zuwa dama. Ya kamata ya tafi sumul. In ya ɗan maƙale a tsakiya kamar ya faɗa gurbi, ramuka sun riga sun huda mazaunin boris, sai canji. A kuma kama ƙasan fok a ja gaba da baya. In ya yi ƙwas, ya saki, a ɗaure. Amma ɗauri yana da iyaka. Wuyan da aka matse da yawa yana sa babur ya riƙa yawo hagu da dama a miƙaƙƙiyar hanya, mai tuƙi yana ta gyara shi. A zuba giris kafin damina.

Kaya da hannun mai tuƙi

Ƙananan babura na 125 yawanci an yi su ne su ɗauki tsakanin kilo 150 zuwa 180, har da mai tuƙi. Mutum mai kilo 70 da buhun masara mai kilo 100 sun riga sun kai bakin iyaka. Inda aka ɗora kayan ma yana da muhimmanci kamar nauyinsa. Buhun da aka ɗaure can ƙarshen kariya, bayan tsakiyar tayar baya, yana ɗaga gaban babur kamar ma'aunin sikeli. Tayar gaba ta yi sakayau, kai ya fara rawa. A matso da kaya kusa da bayan mai tuƙi, a kwantar da shi ƙasa-ƙasa, a ɗaure da roba sosai don kada ya zame a kwana. Jarkar ruwa ko ta mai da ba ta cika ba ta fi cikakkiya wuyar ɗauka, saboda abin da ke ciki yana kai da kawowa.

Idan kai ya fara rawa ana cikin gudu, abin da hannu yake so ya yi shi ne ya danƙe da ƙarfi ya matse birkin gaba. Dukansu biyu suna ƙara rawar. A sassauta hannu, a matse tanki da gwiwoyi, a ɗan sunkuya gaba, a rage wuta a hankali. In ya lafa, a tsaya a duba iska da kaya kafin a ci gaba.

A rage gudu tun kafin a kai rami, a saki birki daf da shiga. Birki yana matse fok ɗin gaba, don haka wanda ya faɗa rami yana riƙe da birki ya shiga ne da shokazobar da ta riga ta cika. Haka ma kwana, a gama rage gudu kafin a karkata. Wannan irin babur yana kusa da ƙasa, matakin ƙafa ko salansa yakan taɓa ƙasa da wuri, kuma in ƙarfe ya tokare ƙasa da ƙarfi yana iya ɗaga taya. A cikin yashi kuwa a sa giya ta biyu, a riƙe wuta daidai, a dubi nesa, a bar birkin gaba. Hular kwano tana kan mai tuƙi da wanda aka goya. A Nijeriya Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta tun ranar 1 ga Janairu, 2009.

Ga kwamitocin da suke riƙe da babur na ikilisiya ko na ƙungiya, shawararmu ita ce a bi gyaran daga mai araha zuwa mai tsada. Iska, zoben sifirin, sifok da ɗaurin wuya kusan kyauta ne. Man fok, robobi, bushin da boris kuɗi kaɗan ne. Taya da shokazoba su ne masu nauyi, su ne ya kamata ma'aji ya riƙa ware musu wani abu bayan girbi. A canza abu ɗaya, a gwada a hanyar da aka saba bi, kafin a taɓa na biyu. In aka canza uku a rana ɗaya ba za a san wanda ya yi aiki ba. A ajiye ƙaramin littafi a rubuta ranar da aka yi kowane gyara, domin babur mai mahaya da yawa kowa yakan zaci wani ya duba.

Bayan an yi dukan wannan, babur zai yi laushi, kai zai natsu, amma tsayinsa daga ƙasa ba zai canza sosai ba. Inda hanya kwalta ce ko burji mai kyau, zai yi aiki shekaru. Inda kuwa ake hawan dutse, ana ƙetare rafi, ana bin sawun da motocin itace suka haƙa da damina, cikinsa zai ci gaba da dukan ƙasa. Idan lokacin sayen wani ya zo a irin wannan wuri, a nemi mai tsayi, mai miƙaƙƙen sirdi, wanda matakan ƙafarsa suke daidai ƙarƙashin mai tuƙi, irin Bajaj Boxer da makamantansa da masu haya suke amfani da su, waɗanda kayan gyaransu suke samuwa a kasuwar mako.